Gwaggo da Daɓen Soron Gulbi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Gwaggo, yayar mahaifinmu, cikawa wata Laraba da hantsi, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ba ta ma gama yi wa jikokinta faɗan shara ba. Bayan azahar aka kai ta makwancinta. Na yi kuka har idona ya yi luhu-luhu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma wallahi tun da nake ban taɓa zaman makokin da aka sha dariya irin nata ba, har sai da matar liman ta tafa hannu ta ce, "Haba jama'a, ku ji tsoron Allah, gidan rasuwa hwa muke!" Ba a jima ba muka ga ita ma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Laifin Gwaggo ne. Duk wadda ta shigo, da an gama "ya haƙuri" da "Allah shi jiƙanta," sai ta share hawaye ta kawo labarin zagin da ta sha. Wata tsohuwa da ta zo daga Bakura ta ce ranar da Gwaggo ta je ganin ɗakin ɗiyarta amarya, ko kallon gado da jeren kwanoni ba ta yi ba, sai ta buga diddige a ƙasa ta ce, "Wa ya yi wanga daɓe, kaji?" Wata 'yar Mafara ta ce ita an taɓa ce mata tana riƙe madaɓi kamar mai tsoron kada ta tada jariri daga barci. Matar jikanta kuwa, wadda ta yi jinyarta, ta tuna mana ranar da aka sa tayil a gidan. Da aka zo kan ɗakin Gwaggo, sai ta tokare ƙofa da sanda ta ce, "Ni tuwo ce da za ku ɗora ni bisa faranti?" Har ta koma ga Allah a kan daɓenta take kwana.

Ana cikin haka wata yarinya 'yar sakandare, tattaɓa-kunnen Gwaggo ce ma, ta taɓa ni ta ce, "Kaka, wai mene ne daɓen nan da kuke ta faɗa?" Nan dariyata ta ɗauke. Jinin Gwaggo, a gidan Gwaggo! Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan, don in mu ma muka bi ta, ba sauran mai ba da labari.

To ki ji, ke da ire-irenki. Kafin siminti ya zo, ƙasan ɗaki mata ke yinsa. A shimfiɗa tsakuwa gauraye da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta na icce, su yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta haɗe. Sannan a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a riƙa zuba ruwanta ana ƙara bugu kwana da kwanaki, har ƙasa ta yi baƙi-baƙi tana ƙyalli, ko ruwa ka zubar ba ya shiga. Mu gidanmu rundawa ne, mahauta, maza na wajen nama da fata, amma ta wajen uwarsu Baba aka gaji shugabancin daɓen fada. Kakarmu ta riƙe, da ta tsufa ta miƙa wa Gwaggo, gari duk ya koma kiranta Uwar Daɓe.

Fadar garinmu a kan tudun bakin gulbi take, can ƙasa da inda aka gina dam ɗin Bakolori. Yanzu an yi sabon gini na bulo a gaba, baƙo zai iya zuwa ya koma bai san akwai wani abu a baya ba. Amma in ka ratsa zauren farko, ka wuce filin tsakiya, ka bi ta shigifa, wato zauren ciki, za ka iske Soron Gulbi, wanda shi ne asalin fadar. Yadda Gwaggo ta ji daga uwarta, sarkin farko ba gari ya zo kafawa ba, mashigi ya zo tsarewa, inda fatake da masu shanu ke ƙetare gulbi da rani. Shi ya sa soron ya ba gari baya ya fuskanci ruwa, don mai sarauta ya ga duk wanda ya ƙetaro kafin ƙafarsa ta bushe. Daga baya ne gidaje suka taru a bayansa.

Ginin tubali ne. Kaurin bango kuwa, a tagar da ke kallon gulbi mun sha kwanciya bibbiyu muna yara. Ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Bakan gizo ne, wato lanƙwasassun gine-gine masu riƙe rufi, suka taso daga bango suka haɗu can sama, aka jera azarar giginya a kansu, aka rufe da tulluwa, wato rufi mai tozo, aka kafa wata tsohuwar tasa ta tagulla a daidai mahaɗarsu. A waje ga zankwaye masu tsini a kan kusurwoyin rufi, indararo kuma duk gulbi suke zuba wa, ba wanda ke kallon gari. Yaɓen waje laso ne, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima, gashin kuma daga fatun gidanmu yake fitowa, abin da Baba ba ya gajiya da faɗa wa baƙi ke nan ko ba su tambaya ba. Da bazara, lokacin da ko kare ba ya fita rana, in ka daɗe a soron nan sai ka nemi mayafi.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ƙofa. Soro mai wannan girma, amma ƙofarsa iya ƙirjin namiji. Ba haka aka gina ta ba. Al'adar gidan ce, duk sarkin da ya hau, sai a jira gulbi ya yi cikarsa ta farko a zamaninsa, ya janye, ya bar sabuwar tsakuwa a mashigi. Ita ake kira gaisuwar gulbi. Mata su kwaso ta su yi wa sabon sarki daɓensa a kan na wanda ya gada, ba a kankare na baya. Kowane sarki ƙasa ta ƙara tashi, ƙofa ta ƙara gajarta. A dokin ƙofa, inda ƙafa ta cinye gefe, ana ganin daɓen a jere, wani kan wani. Nan Gwaggo ke tsugunnawa ta karanta mana tarihi da farce. "Wanga siriri na sarkin da anka yi yunwa zamaninshi ne, mata ba ƙarhi. Wanga mai toka-toka, shekarar da gobara ta ci rabin gari. Wanga mai kauri kuwa, kai, wanga sarki ya san mutunci, sa guda ya kayar ma mata." A kan na sama duka take fi daɗewa, tana shafa shi da tafin hannu. Na uwarta ne, wanda kakarmu ta yi tana goye da Baba.

Abokin faɗanta na duniya Sarkin Magina ne, taubashinta, ɗan ƙanen uwarta. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa an rabu lafiya ba. Shi ya ce aikin mata bugun ƙasa ne kawai, ko jaki ya iya. Ita ta ce shi da maginansa duk zanzaro ne, a kwaɓa laka a liƙa. In ana daɓe a gidan biki sai ta saka shi a waƙa, da sanƙonsa da tafiyarsa ta gwame, mata na amshi, shi kuwa yana kan katanga yana jefo mata ɓarɓashin ƙasa. Amma shekarar da ya faɗo daga tsani ya karye a ƙafa, ita ta riƙa dama masa kunu har ya miƙe. Kullum ta kai sai ta ce ta zo ne ta ga ko ya mutu.

Sai shekarun dam suka zo. Ina amarya lokacin, maigidana yana tuƙa tifa a wajen aikin. Gari ya cika da baƙi da ƙarar injuna, katafila ta bi gonaki tana baje su don hanyoyin ruwa, ɗorawa da yawa suka kwanta. Shekarun nan sun sa wasu kuka mai tsanani, amma yau labarin Gwaggo nake yi. A tsakiyar hidimar nan tsohon sarki ya rasu, aka naɗa ɗansa, wani dogo sambal wanda ya yi aikin ofis a Sakkwato. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, sai dai ba ya son abin kunya a gaban baƙi.

Abin kunyar kuwa bai daɗe ba ya zo. Wani Bature daga wajen aikin ya zo gaisuwa, aka ce a kai shi Soron Gulbi ya sha iska. Ana ta ce masa ya duƙa, yana ta murmushi yana gyaɗa kai, sai ji aka yi ƙum! Fadawa suka haɗa baki, "Sannu! Sannu Bature!" Bawan Allah ya fito da ƙululu a goshi kamar ƙwan zabo. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Washegari Sarkin Magina, wanda ya riga ya koyi aikin bulo yana ji da kansa, ya kawo shawara a haƙe daɓen nan duka har a kai ƙasar farko, a zuba siminti, ƙofa ta dawo tsawonta na asali. Sarki ya ce shawara ta yi.

Gwaggo na tankaɗe aka kawo mata labari. Ko hannu ba ta wanke ba ta ja ni muka nufi wajen jakadiya, aka yi mana iso. Ta durƙusa gaban Sarki da gari har gwiwar hannu.

"Ranka shi daɗe, an ce za a haƙe mahaifinka."

Fadawa suka ɗauki salati. Sarki ya ce, "Subhanallahi! Uwar Daɓe, wane irin zance ne wanga?"

"Daɓenshi nika nuhi, Allah shi ja zamaninka. Da na kakanka, da na kakan kakanka. Don goshin Bature guda? Wanda bai iya duƙawa shi tsaya waje, can ma akwai iska."

Na ga Sarki ya ja amawali ya rufe baki. Da ya gama danne dariyarsa ya ce shi ba ya ƙin al'ada, amma an tabbatar masa bana gulbi ba zai cika ba, an tare shi. In babu gaisuwar gulbi, da me za a yi daɓen? Ba zai zauna shekara da shekaru a kan ƙasar da ba tasa ba, ana nuna shi ana cewa ga sarkin da gulbi bai gaishe ba. Ya ce ya ba ta har a gama girbin gero. In ta kawo gaisuwar gulbi ta yi daɓe, soro ya zauna yadda yake. In ba haka ba, a haƙe a zuba siminti.

"Tare gulbi?" in ji Gwaggo bayan mun fito. "Ɗiyata, kin taɓa jin an ɗaure ruwa da igiya? Bari dai su gani."

Nan fa Gwaggo ta yi kuskuren da duk tsofaffin garinmu suka yi tare da ita. Ba wanda ya yarda. Tun kaka da kakanni gulbi bai taɓa saɓa alkawari ba, a matakalar da ke sauka daga soro zuwa mashigi ko yaro ya san inda ruwa ke kaiwa duk shekara. Maigidana ya ce in gaya mata ya ga katangar dam da idonsa, ta ce in gaya masa yaro ne. Damina ta yi kyau, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gwaggo ta sa aka gyara madaɓai, aka wanke ƙore, kullum da safe ta sauka matakala ta duba. Gulbi na nan kwance siriri, yara na ƙetarewa ko wando ba su naɗewa. Masu shinkafar fadama na jira, masunta na jira, ita ma tana jira. Sarkin Magina kuwa ya sa aka jibge buhunan siminti a shigifa, daidai inda za ta wuce. In ta zo sai ta same shi a kai yana kaɗa ƙafa, ya ce, "Uwar Daɓe, ya baƙon naki, bai iso ba? Ko a aika mishi da jaki?"

Aka fara yankan gero. Ranar nan na same ta zaune a matakin ƙarshe, ƙwarya a cinya, ba faɗa ba zagi. Tun da nake ban taɓa ganin Gwaggo haka ba. Ta ce, "Ina raye za a tone aikin Inna." Na zauna kusa da ita. Can ta ɗago ta ce, "Ke, ruwan da sunka tare, daga sama shika zuwa ko?" Na ce i. "To tsakuwar da ya ɗauko, ina ya aje ta?" Na ce sai dai can bayan dam, wajen Maradun. Ta miƙe ta kakkaɓe zane. "Ashe ya yo gaisuwa, hanya anka tare mishi. Baƙon da bai iya isowa, ai sai a tahi a karɓo saƙo. Yaushe mijinki za shi sama?"

Tifar maigidana fanko take tafiya sama ɗaukar dutse, ya roƙi shugabansu aka yarje masa sawu guda. Matsalar ita ce Gwaggo surukarsa ce, ba ta yi masa magana kai tsaye, shi ma ba ya haɗa ido da ita. Aka sa ni a tsakiya. Mutum na zaune kafaɗarsa na gugar tawa, Gwaggo ta ce, "Ce mishi shi rage gudu." In juya in ce, "Wai ka rage gudu." Shi ya ce, "Ce mata tahiyar hawainiya muke." Ita ta ce, "Ce mishi ba lahira na ce shi kai ni ba." Haka muka yi ta yi har wuyana ya ƙage, muka hango dam. Ta ce a tsaya. Ta sauka, ta daɗe tana kallon katangar nan da ruwan da ke kwance a bayanta iya ganinka, sannan ta je ta buga diddige a kan simintin. Ta dawo ta hau mota ta ce, "Ce mishi ba laihi. Amma ba su sa makuba ba, ba shi ƙyalli."

Muka bi gefen ruwa har wani ƙauye da ke can ƙarshe, inda gulbi ke shigowa tafkin. Mutanensa na tashi. An yaye jinkar ɗakuna ana ɗora wa jakuna, rumbuna a buɗe, ruwa ya riga ya ci gonakin gangare, ana cewa kafin baɗi zai shanye garin. A mashiginsu kuwa ga tsakuwa nan sabuwa fil, ja da fara, gulbi ya zube ta tuli guda. Gwaggo ta durƙusa ta cika hannu biyu ta ce, "Sannu da hanya."

Wata dattijuwa ta fito ta tambayi abin da ya kawo mu. Bayan doguwar gaisuwa Gwaggo ta zayyana mata komai, har da goshin Bature. Dattijuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce rabonta da dariya tun da aka zo auna gidaje. Ta kira matan garin, suka ajiye ɗaurin kayansu suka fito da ƙore suka taya mu lodi. Da aka gama ta ce, "Makuba hwa? Na ji an ce ɗorawarku ta kwanta." Gwaggo ta dafe kai, don sai a lokacin ta tuna. Duk damina idonta na kan gulbi. Dattijuwar ta shiga ta jawo buhuna. Makubar ɗorawarsu ce ta ƙarshe, sun tara ne don ɗakunan sabon matsuguni, itatuwan kuwa ga su can ruwa ya kai musu wuya. Gwaggo ta ce wallahi ba za ta karɓa ba. Dattijuwar ta ce, "Raba biyu za mu yi. Can inda za a kai mu an ce dutse ne, ban ma san ko shina son daɓe ba." Gwaggo ta karɓa, ta ce amma da sharaɗi, ranar bugu sai sun zo.

Sharaɗin nan ya tada ƙura a gari. Daɓen fada haifaffun gari ke yinsa, ko matar da aka auro daga Bakura ba ta taɓa madaɓi, sai dai ta ɗebo ruwa. Manyan mata suka taru a gidanmu, wata ta ce Gwaggo ta tafi faɗa don al'ada ta dawo tana karya al'ada. Gwaggo ta ce, "Awo, na karya. Tsakuwarsu, makubarsu, ku kuma mi kunka kawo, baki? Wadda ba ta iya durƙusawa kusa da baƙuwa ta aje madaɓi in ba wata." Ba wadda ta ajiye. Sarkin Magina ma ya zo ya duba tulin tsakuwa, ya murza a hannu, ya ce ai wannan satar hanya ce, ba gulbi ya kawo ba, tifa ta kawo. Ta ce, "Kai ma ba da ƙahwarka ka zo duniya ba, kawo ka anka yi." Da yamma sai ga maginansa sun kwashe siminti daga shigifa, wai don kada mata su jiƙa masa, suka kuma zube jar ƙasa mai kyau a bakin soro, ba wanda ya roƙe su.

Ranar bugu matan ƙauyen suka iso a motar kasuwa, dattijuwar na gaba. Baba ya yi yanka. Kai, da kin ji soron nan ranar! Madaɓai na sauka tare, tulluwa na maido da amo, har mashigi ana ji. Gwaggo ta ci ɗamara tana ba da waƙa. Ta saka Sarkin Magina da simintinsa, ta saka Bature da goshinsa, ta saka maigidana da tifarsa, ni ma da wuyana ban tsira ba. Baƙin da farko a ɗarare suke, amma kafin azahar sun fi mu amshi, wadda ta ce an karya al'ada kuwa ga ta can kafaɗa da kafaɗa da wata baƙuwa suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Kwana da kwanaki ana zuba makuba ana bugu, har ƙasa ta yi duhu tana sheƙi, jajayen tsakuwa na leƙowa ta ciki.

Sai ranar da Sarki zai taka. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ƙofa ta ƙara gajarta, ga mutum dogo, ga rawani mai kunne biyu. In rawanin sarki ya faɗi a bakin ƙofa kuwa, kowa ya san abin da za a ce, kowa ya san wadda za a ɗora wa, kuma simintin bai yi nisa ba. Muna rakuɓe a ciki jikin bango, na ji hannun Gwaggo ya damƙi nawa, sanyi ƙalau. Sarki ya tsaya ya dubi ƙofa, ya dubi dokin ƙofa inda sabon daɓe ya hau kan na mahaifinsa. Ya cire takalmi. Ya tattara riga, ya dafe rawani da hannu ɗaya, ya sa gwiwa ƙasa ya shigo da rarrafe, fadawa na "Hattara, Zaki! Gyara, Zaki!" su ma duk suka biyo shi da rarrafe, har da masu tumbi. Guɗa ta tashi. Gwaggo ta saki hannuna ta ce mini a kunne, "Ce ma mijinki shi gaya ma mai sanƙo shi nemi mai sayen siminti."

Sarki ya zauna, ya shafa ƙasa, ya tambayi inda gulbi ya ajiye gaisuwar. Gwaggo ta nuna dattijuwar, ta faɗi sunan ƙauyensu, ta ce baɗi war haka ruwa ne a wurin. Sarki ya ce soro ya zauna yadda yake, kuma daga yau duk mutumin ƙauyen nan da ya zo, mace ko namiji, ba ya neman iso a Soron Gulbi, don ƙasarsu ce.

Da aka watse na koma kwasar madaɓai, na iske su biyu, Gwaggo da dattijuwar. Dattijuwar na tafiya a hankali ba takalmi tana duban ƙasa, har ta tsaya wajen taga, inda jajayen tsakuwa suka fi yawa. Ta zauna ta ɗora tafin hannu a kai.

"Wagga ta bakin mashayarmu ce," ta ce. "Nan nika wanki. Nan na yi ma ɗiyana duka wanka."

Gwaggo ta zauna kusa da ita ta miƙe ƙafa, suka daɗe suna kallon siririn gulbi ta taga. Can ta ce, "To ki zauna, 'yar'uwa. Nan dai ruwa ba shi zuwa."

Ya Allah, su biyun nan yanzu duk suna wajenka. Ka yafe musu, ka yalwata musu makwanci, ka sanyaya musu ƙasar da suke ciki, ka zaunar da su a gidan da ba a tada kowa. Amin.